Bayan Ciki Ya Yi Rinjaye: Yadda Mai Fama Da Ƙiba Zai Sake Ɗaura Ɗamara



Akwai wani kuka da muke yawan ji a makonnin da ke biyo bayan Ƙaramar Sallah. Mutum ya yi wata guda yana kame bakinsa daga ketowar alfijir zuwa faɗuwar rana, jikinsa ya yi sakayau, tsayuwar tarawihi ta daina yi masa nauyi, har ya ƙudurta cewa daga bana shi da teɓa haihata-haihata. Sai Sallah ta zo da tuwon shinkafa da miyar taushe, ga waina, ga cincin da dubulan, ga lemon kwalba a duk gidan da aka shiga gaisuwa. Daga nan bukukuwan aure da aka ɗage saboda azumi su biyo baya. Kafin watan Zulƙida ya kama, wandon da ya yi masa yawa ya koma yana matse shi. Haka abin yake ga magidancin da likita ya gargaɗa a kan hawan jini, ya kiyaye na wata uku sannan ya koma wa tsiren dare, da uwargidan da ta bar sukari a shayi ta sake komawa, da ɗalibin da jarrabawa ta mayar da shi teburin mai shayi da tsakar dare.

Abin da ya fi damun mu a cikin wannan kuka shi ne kalmar da ake rufe shi da ita: "Ni dai na haƙura, haka Allah Ya yi ni." Kilo biyu ko uku da suka dawo abu ne mai sauƙin gyara. Wannan kalma kuwa ita ce take mayar da tuntuɓen kwana uku ya zama zaman shekara goma.

Girman lamarin

Ƙiba ta daɗe da daina zama matsalar Turawa su kaɗai. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa a shekarar 2022 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya yana fama da ƙibar da ta kai matsayin cuta, kuma manya biliyan 2.5 ne nauyinsu ya wuce ƙima. Ma'aunin da likitoci suke amfani da shi mai sauƙi ne: a raba nauyin mutum na kilo da tsawonsa na mita sau biyu. Idan sakamakon ya kai 25, nauyi ya fara yawa. Idan ya kai 30, an shiga ƙiba. Mai tsawon mita 1.7 da nauyin kilo 90, misali, sakamakonsa ya ɗan haura 31.

A garuruwanmu har gobe ana yi wa tumbi kallon alamar wadata, a ce da wanda ya yi ƙiba "hutu ya karɓe ka", a tambayi wanda ya rage nauyi ko lafiya. Amma ciwon suga da hawan jini da shanyewar ɓarin jiki da ciwon gwiwa ba su san wannan yabo ba. Duk mai lura zai ga yadda kujeru suke ƙaruwa a gefen sahu a masallatanmu. Shari'a ta yi rangwame ga wanda ba zai iya tsayuwa ba ya yi salla a zaune, kamar yadda ya tabbata a hadisin Imrana ɗan Husaini (RA) a Sahihul Bukhari, kuma da yawa daga masu zama tsufa ne ko wata larura ta zaunar da su. Sai dai akwai ɗan shekara arba'in da nauyin jikinsa ne ya raba goshinsa da ƙasa, kuma yana iya komawa ga sujada idan ya dage.

Me ya sa nauyi yake dawowa?

Wanda ya san dalilin faɗuwarsa ya fi saurin tashi. Allah Ya halicci jikin ɗan Adam da tsarin kare kansa daga yunwa, don haka idan kitse ya ragu, jiki yakan ɗauka fari ne ya shigo. A 2011 masu bincike a Jami'ar Melbon ta ƙasar Ostireliya sun wallafa sakamakon wani gwaji da suka fara da mutum 50 masu ƙiba, waɗanda aka ɗora a kan tsattsauran tsarin abinci na mako 10. Sun zubar da fiye da kilo 13 a matsakaicin lissafi. Bayan shekara guda da aka sake auna jininsu, sai aka tarar sinadarin girelin mai tayar da yunwa yana nan sama da yadda yake kafin gwajin, sinadarin leftin mai sanar da ƙwaƙwalwa cewa akwai ajiya a jiki kuma yana ƙasa, su kansu kuma suna jin yunwa fiye da da. Ma'ana, wanda ya rage nauyi yana kokawa da yunwar da maƙwabcinsa mai irin nauyinsa ba ya ji.

Game da Ramadan kuwa, nazarce-nazarcen da suka tattara gwaje-gwaje daga ƙasashen Musulmi daban-daban sun nuna cewa abin da mai azumi yake zubarwa a tsawon watan ba ya cika wuce kilo ɗaya zuwa biyu, kuma mafi yawansa yana dawowa cikin 'yan makonni bayan Sallah. Saboda haka wanda nauyinsa ya dawo ya sani cewa abin da ya same shi shi ne yake samun akasarin mutane. Sanin haka ba lasisin sakaci ba ne, amma yana kawar da zargin da mutum yake yi wa kansa cewa shi kaɗai ne marar zuciya.

Tarkon "an riga an ɓata"

Bayan yunwar jiki, akwai tarko na biyu da yake cikin tunani. A 1975 masanin halayyar ɗan Adam Peter Herman, wanda daga baya ya yi shekaru yana nazarin wannan fanni tare da Janet Polivy a Jami'ar Toronto ta Kanada, ya wallafa wani gwaji da aka yi da ɗalibai mata. An shayar da wasunsu haɗin madara mai zaƙi, sannan aka ajiye wa kowa askirim aka ce ta ɗanɗana gwargwadon son ranta. Waɗanda ba sa takura wa kansu a abinci, da suka sha madarar sai suka ci askirim kaɗan, domin sun ƙoshi. Masu tsananta wa kansu kuwa, da suka ga sun riga sun karya dokarsu, sai suka ci fiye da takwarorinsu da ba a ba madarar ba.

Wannan waswasi ba baƙo ba ne a wurin ɗalibin ilmin addini. Shi ne yake cewa da wanda Asuba ta kuɓuce masa ai yinin ya riga ya lalace, shi ne kuma yake cewa da wanda ya ci waina shida a gidan suna ai sai a ƙarasa da taliya da daddare, a sake sabon lale ranar Asabar, ko farkon wata, ko azumin baɗi. Suratun Nahli, a aya ta 92, ta buga misali da macen da take warware zarenta bayan ta kaɗa shi ya yi ƙarfi. Ayar tana magana ne a kan warware alƙawari da rantsuwa, amma malamai sun daɗe suna jan hankali da ita ga duk mai rushe aikin alherin da ya gina. Zare ɗaya ne ya tsinke a gidan suna. Mai saƙa mai hankali ƙulla shi yake yi ya ci gaba.

Magani yana cikin hadisin Abu Huraira (RA) da Imamu Muslim ya ruwaito, wanda ya fifita mumini mai ƙarfi a kan mai rauni tare da tabbatar da alheri ga kowannensu. A cikinsa Manzon Allah (SAW) ya yi umarni da kwaɗayin abin da zai amfane mu, da neman taimakon Allah, da barin kasala, sannan ya hana mutum ya zauna yana "da na yi kaza da kaza ta faru", domin wannan kalma ƙofa ce da Shaiɗan yake shigowa ta cikinta. Hausawa ma sun ce da-na-sani ƙeya ce. Abin da aka ci jiya ya wuce. Abin da ke hannunmu shi ne kwanon da za a ajiye a gabanmu nan da awa uku.

Himma tana hawa tana sauka

Masu neman rage ƙiba sukan ɗauka cewa zafin himmar da suka fara da shi zai dawwama, don haka da zarar ya huce sai su yanke wa kansu hukuncin gazawa. Sahabbai ma sun ji irin wannan tsoro a abin da ya fi abinci girma. Hanzala al-Usayyidi (RA), ɗaya daga marubutan Manzon Allah (SAW), ya zargi kansa da munafunci saboda halin da zuciyarsa take shiga a majalisin Annabi yana raguwa idan ya koma cikin iyali da gona. Sayyidina Abubakar (RA) ya ce shi ma yana jin haka. Da suka kai maganar, Annabi (SAW) bai tabbatar da zargin ba. Ya nuna musu cewa dawwama a kan wancan hali ba ɗabi'ar ɗan Adam ba ce, rayuwa lokaci ne da lokaci. Wannan yana cikin Sahihu Muslim.

A wani hadisin da Imamu Ahmad ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Amru ɗan Asi (RA), an bayyana cewa kowane aiki yana da lokacin zafinsa, kowane zafi kuma yana da lokacin sanyinsa, wanda ya dace shi ne wanda sanyinsa ya tsaya a cikin iyakar sunna. Shi kansa Abdullahi darasi ne. Yana saurayi ya ɗora wa kansa azumi kullum da tsayuwar dare duka, Annabi (SAW) ya tunatar da shi cewa jikinsa da idonsa da iyalinsa suna da haƙƙi a kansa, ya yi ta rage masa, shi kuma yana neman ƙari. Da tsufa ya cim masa, sai ya riƙa fatan da ma ya karɓi rangwamen. Idan haka lamarin yake a ibada, ina ga tsarin abincin da aka gina a kan ruwan zafi da lemon tsami da kwana da yunwa? Irin wannan tsari ranar karyewarsa kawai ake jira.

Tambayar da ya kamata mutum ya yi wa kansa ita ce: a ranar da ba ni da himma ko kaɗan, mene ne mafi ƙarancin abin da ba zan bari ba? Wannan ƙaramin abu shi ne ginshiƙi, kuma ya dace da hadisin Nana A'isha (RA) a Bukhari da Muslim, mai nuna cewa aikin da Allah Ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. Wani bincike da Phillippa Lally da abokan aikinta suka yi a Landan, aka wallafa a 2009, ya bi mutum 96 da suke ƙoƙarin kafa sabuwar ɗabi'a ta ci ko sha ko motsa jiki. Matsakaicin lokacin da ɗabi'ar ta ɗauka kafin ta zama jiki shi ne kwana 66, wasu kwana 18, wasu kuma aka ƙiyasta sai sun kai 254. Kuma tsallake rana ɗaya bai rushe ginin ba.

A gyara niyya, a daina ƙyamar kai

Wajibi ne a bambance tsakanin zunubi da kuskuren tsari. Cin halal har a ƙoshi wani lokaci ba saɓo ba ne. Bukhari ya ruwaito yadda Annabi (SAW) ya yi ta umartar Abu Huraira da ya ƙara shan madara har sai da ya rantse cewa babu sauran wurin da za ta shiga, kuma Ibnul Ƙayyim ya kafa hujja da wannan a Zadul Ma'ad cewa abin ƙi shi ne cika ciki ya zama al'ada. Ita kanta ƙiba ba ma'aunin taƙawa ba ce: gado yana da hannu a ciki, haka haihuwa, da wasu magunguna, da wasu cututtuka. Abu Dawuda ya ruwaito cewa Nana A'isha ta yi tseren gudu da Annabi (SAW) ta wuce shi, bayan shekaru da jikinta ya yi nauyi suka sake ya wuce ta, ya mayar da abin raha, ya ce ramuwa ce. Babu gori, babu habaici. Maigidan da yake yi wa matarsa ba'a da jikinta bayan ta haifa masa 'ya'ya biyar, da ɗaliban da suke laƙaba wa abokinsu sunan tsokana, su koma su karanta aya ta 11 ta Suratul Hujurati.

Abin da Alƙur'ani ya hana shi ne wuce iyaka, kamar yadda aya ta 31 ta Suratul A'arafi ta haɗa halaccin ci da sha da hanin ɓarna a wuri guda. Jiki kuma amana ne. Hadisin Abu Barza (RA) a Tirmizi ya lissafa shi cikin abubuwan da za a tambayi bawa a kansu ranar alƙiyama. Wanda ya rage ƙiba don bikin wata mai zuwa, himmarsa za ta ƙare ranar da aka watse. Wanda ya yi don ya daɗe yana sujada da goshinsa, ya yi ɗawafi da sa'ayi da ƙafafunsa, waɗanda sa'ayin kaɗai ya haura kilomita uku, ya kuma rayu da lafiyar da zai yi tarbiyyar 'ya'yansa, ya sami dalilin da ba ya tsufa, kuma yana da lada a kan kowace lomar da ya bari.

Daga ina za a fara?

A fara daga abinci na gaba. Kada a ce sai an rama da yinin yunwa, domin horon yunwa shi yake haifar da haɗamar dare.

Ma'aunin yana cikin hadisin Miƙdamu ɗan Ma'adikarib (RA) da Tirmizi da Ibnu Majah suka ruwaito, wanda ya siffanta ciki da mafi sharrin mazubin da ɗan Adam yake cikawa, ya nuna cewa 'yan lomomin da za su miƙar da baya sun isa, in kuwa ba makawa to a kasa ciki uku tsakanin abinci da abin sha da numfashi. Ibnu Rajab ya kawo a Jami'ul Ulumi wal Hikam cewa likita Ibnu Masawaihi, da ya karanta wannan hadisi, ya ce da mutane za su yi aiki da shi da asibitoci da shagunan magani sun rasa masu zuwa. A aikace, wannan yana nufin malmala ɗaya a maimakon biyu, miya mai yawan ganye da ƙarancin mai, da tashi daga kwano alhali da sauran wuri.

Sai a zaɓi ƙofa ɗaya da ɓarna ta fi shigowa a toshe ta. Ga mutane da yawa abin sha ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa ya wuce kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin yini, wato kimanin giram 50 ko ƙaramin cokali 12 ga babban mutum, alhali robar lemo ɗaya mai rabin lita tana iya cinye wannan kaso ko ta kusa. Zoɓo da kunun aya da fura ma, idan aka cika musu sukari, hukuncinsu ɗaya. Ga wasu kuma mai ne: babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja yana ɗauke da kalori kusan 120, kuma uwargida ta san cokali nawa ke shiga tukunya. Ba a buƙatar abincin kanti mai tsada. Kwaɗon zogale da na rama, wake, dambu mai ganye, kabewa, yalo, gurji, da tuwon dawa ko gero ko acca daidai misali, duk suna kasuwar unguwa.

Na uku tafiya. Shawarar hukumar ita ce minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako. Lokacin da Banu Salima suka so su taso su dawo kusa da masallacin Madina, Annabi (SAW) ya umarce su da su zauna a unguwarsu domin ana rubuta musu takunsu. Wanda masallacinsa yake da nisan minti biyar, idan ya ajiye babur ya taka da sauri-sauri sau biyar a yini, zuwa da dawowa, ya haɗa minti 50. Mata kuma suna da tsakar gida da ziyarar zumunci da ƙafa.

Na huɗu barci. Ƙarancinsa yana ƙara yunwa da sha'awar zaƙi, kuma an ruwaito a Bukhari cewa Annabi (SAW) yana ƙin hira bayan Isha. Ɗalibin da ya mayar da karatunsa bayan Asuba ya huta da indomi da ƙwai na ƙarfe ɗayan dare.

Azumin Litinin da Alhamis da na ranakun 13, 14 da 15 ga watan Musulunci yana horar da rai ga haƙuri, amma a yi shi don Allah, lafiya ta biyo baya a matsayin riba, kuma kada buɗa-baki ya zama ramuwar gayya.

Kada a raina kaɗan. Likitoci sun tabbatar cewa zubar da kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyi yana kyautata hawan jini da sukarin jini. A wani babban gwaji a Amurka da aka wallafa a 2002, wanda ya ƙunshi mutum fiye da 3,000 da ke bakin kamuwa da ciwon suga, waɗanda aka ɗora a kan burin rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu da motsa jiki na minti 150 a mako sun sami raguwar kamuwa da ciwon da kashi 58 cikin 100. Ga mai kilo 90, wannan kilo shida ne da 'yan kai. Da yayyafi kogi kan cika.

Gida ɗaya, tukunya ɗaya

Da wuya mutum ya yi nasara shi kaɗai a gidan da tukunya ɗaya ake ɗorawa. Maigida ne yake cefane, uwargida ce take riƙe da ludayi, don haka gyara shawara ce ta su biyu, kuma yara za su tashi da abin da suka gani. Mai masauki ya daina ɗaukar "na ƙoshi" a matsayin raini, ya bar rantsuwar "sai ka ƙara". Wanda aka gayyata walima ya amsa, domin amsa gayyata haƙƙin Musulmi ne, ya ci kaɗan, ya yi wa masu gida addu'a. Babbar Sallah ma tana tafe da soyayyen nama. Wanda ya yawaita rabon layyarsa ga mabuƙata ya sami lada biyu, na sadaka da na tausaya wa jikinsa.

Muna kuma gargaɗi da babbar murya: mai ciwon suga da ke shan magani ko allurar insulin, da mai juna biyu, da mai shayarwa, da mai ciwon ƙoda ko gyambon ciki, kada ɗayansu ya sauya tsarin abinci ko ya shiga azumin nafila sai da shawarar likita. A nisanci shayi da ƙwayoyin "narkar da tumbi cikin mako guda" da ake tallatawa a Facebook da TikTok, kamar yadda ya wajaba 'yan mata su nisanci ƙwayoyin ƙara ƙiba da ake kira "sha ka fashe". Wanda kuma ya ga yana cin abinci a ɓoye ba ya iya tsayawa, ko yana tilasta wa kansa amai bayan ci, wannan larura ce da take buƙatar asibiti, kuma neman magani ba ya cin karo da tawakkali.

Ubangijin da Ya hana bayinSa yanke ƙauna daga rahamarSa bayan manyan zunubai, kamar yadda ya zo a aya ta 53 ta Suratuz Zumar, bai dace bawanSa ya yanke ƙauna daga gyara kwanon tuwonsa ba. Wanda ya koma sau goma ya sake tashi karo na goma sha ɗaya, ya ambaci sunan Allah, ya ci da damansa, ya tsaya kafin ciki ya cika.

Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, Ya sanya albarka a abin da Ya azurta mu da shi, Ya taimake mu a kan zukatanmu. Wallahu a'alamu.